Ajin Daren Talata

Daren Talata, in na tashi daga aiki,
ƙafa na zogi, riga na warin sabulun gidan tsofaffi,
nakan hau bene a laburaren Toxteth
in nemi kujerar da ke kusa da hita.

Misis Hollins ta rubuta abu huɗu a allo:
doka, 'yanci, zaɓe, haƙuri da juna.
Tana furta su a hankali kamar mai jera ƙwai a kwando.
Ban ga ƙarya a idonta ba.
Ita ce ta raka Warsame ofishin gidaje
ranar da aka watso masa kaya waje,
ta tsaya cikin ruwa har aka buɗe ƙofa.

Tambaya ashirin da huɗu za a yi mana.
Wace shekara aka gwabza a fili kaza,
matar wane sarki aka fille wa kai,
shekara nawa yaro zai kai ya jefa ƙuri'a.
Na haddace, har a bas ina bita.

Sai muka iso shafin daula.
Sakin layi ɗaya da rabi.
Ta faɗaɗa, in ji takardar,
sai ka ce kabewa ce ta yi yaɗo da damina
ta haura dangar maƙwabta ba da saninta ba.

Na ɗaga hannu. Na sauke.

Kakana Barau ba ya cikin shafin.
A Zariya aka auna ƙirjinsa da igiya,
aka ba shi lamba, aka zuba su a jirgin ruwa,
shi da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba.
Bama. Dajin da rana ba ta taɓa ƙasa.
Ya yi dakon harsashi a ka har gashin wurin ya ƙi fitowa,
matsattsaku suka sha rabonsu a ƙwaurinsa.
An ce masa yaƙin 'yanci ne.
Ya ce na wa?
Saje ya ce ya gyara sahu.
Ya dawo da tari, da minda guda,
da wata kalmar Turanci da yake daka wa jaki tsawa da ita.

Ban san na yi magana a fili ba
sai da na ji ajin ya yi tsit.
Tsoho Harbans ya taɓa rawaninsa, ya ce:
babana ma can ya bar yatsu biyu.

Misis Hollins ta kife littafin.
Ta ce nata kakan ɗan dako ne a tashar nan ta Liverpool,
shekara talatin yana sauke buhunan gyaɗa
bai taɓa tambayar wa ya noma ba.
Ta ce, wannan ba zai fito a jarrabawa ba, Lantana,
amma faɗa mini sunan kuma.
Ta rubuta shi ƙarƙashin abu huɗun nan.
Ta yi kuskuren harafi.
Na tashi na karɓi alƙalamin na gyara.

Na koma gida ta bakin Mersey.
Rumbunan da suka haɗiye gyaɗarmu
yanzu gahawa ake sayarwa a ciki, fam huɗu kofi.
Ban tsani garin ba, nan ɗiyata ta yi haƙori.
Zan ci jarrabawar, in Allah ya so,
in ɗaga hannu in yi rantsuwa gaban tuta,
in jefa ƙuri'ata ko ana ƙanƙara.
Sai dai kada a miƙo mini kalmomin nan kamar sadaka.
Da kuɗinmu a ciki tun kafin a haife ni.

Gobe ƙarfe bakwai zan yi wa Mista Ackerley wanka.
Shekararsa casa'in da ɗaya, yana tsoron ruwa.
Nakan riƙe masa hannu har ya zauna.