Taswirar Inuwa

Shekara goma sha tara ina ɗaurin rodi a Sharja,
rana ta jeme bayana kamar fatar ganga,
na dawo Alappuzha da akwati biyu da ciwon gwiwa.
Baba ya rasu, lambunsa ya koma jeji,
ba mai yi mini maraba a bayan gida
sai kwaɗi da dogayen bishiyoyin kwakwa.

Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne.
Hannun da ya tsai da bene mai hawa arba'in
ba zai tsaya neman shawarar kowa ba a kan shukawa.
Na sayo iri a kasuwar bakin ruwa,
na ja igiya, na jera kunya sak kamar tubali:
citta a fili, inda baƙo zai gan ta tun daga ƙofa,
gindin mangwaro kuma na zuba kuɓewa.

Wata biyu.
Ganyen citta ya ƙanƙance, bakinsa ya soye,
kuɓewa ta miƙe siririya, tsawon banza,
sai wuya take yi tana leƙen sama,
fure kuwa, ko ɗaya, ta ƙi fitarwa.

Eliyamma ce ta leƙo ta kan shinge,
tsohuwa mai haƙori uku da ido kamar na shaho.
Ta dubi aikina, ta dube ni,
ta tofar da jan yawun ganyen da take taunawa.

"Kuttappan, ajiye fartanyar nan.
Gobe kada ka taɓa ƙasa.
Ɗauko kujera, ɗauko ɓawon kwakwa cikin kwando,
duk sa'ad da ƙararrawar coci ta buga
ka kifa su a layin da inuwa take tsayawa."

Na zauna, ni da ban iya zama ba.
Da hantsi inuwar ɗaki ta kwanta har bakin rijiya,
rana na take tsaka ta naɗe zanenta ta laɓe a jikin bango.
Ashe ita ma dangi-dangi ce:
ta mangwaro baƙa wuluk, marowaciya,
ta ayaba mai yawo, iska ke juya ta,
ta kwakwa kuwa rariya ce, haske na ɗigowa.

Da yamma tsohuwa ta zo tana bin ɓawon da sanda
kamar mai karanta wasiƙar da ta san marubucinta.
"Nan, inda ba ka kifa ko ɗaya ba, gidan barkono ne,
da gauta, da zogale, da kuɓewar nan taka.
Su dai a bar su da rana, ba sa ƙosawa.
Citta da kurkum, kai su ƙarƙashin rariya.
Masoro, ba shi itace ya hau,
ƙafarsa a sanyi, kansa yana leƙawa.
Gwaza, can bakin kwata, inda laka ba ta bushewa."

Na ce, "Gindin mangwaro fa?"
Ta yi dariya har sandar ta kusa suɓucewa.
"Bar shi haka.
Nan ubanka yake shimfiɗa tabarma.
Ba kowane fili ba ne yake jiran shukawa."

Damina ta zo da gangunanta, ta wuce.
Barkono ya yi ja har tsuntsaye suna gulma.
Wata takwas citta ba ta ce mini komai ba,
sai ranar da na sa hannu na tono:
yatsu masu kauri, sun fi nawa,
duk aikin a ɓoye take yi, ba ta nunawa.

Na kai wa Eliyamma kashi na farko.
Ta karya, ta shinshina, ta daɗe tana duban ƙeyata
inda tabon Sharja bai gama gogewa ba.
"Kai ma," in ji ta, "an daɗe da dasa ka inda ba naka ba."
Ta rufe ƙyaurenta.

Na koma, na ɗauko tabarmar Baba,
na kakkaɓe ta, na shiga inuwa.