Gwajin Biro

Ajin 'yan huɗu muka ara a firamaren Andaza,
ranar Asabar, yara suna gona.
Bencin bai kai gwiwar Haladu ba,
ya zauna a takure kamar raƙumi a akurki.

Na ƙirga kawuna, sha tara.
Mutum ashirin da shida na yi wa zoɓo da fanke.
Ruwan daren jiya ya cinye hanyar Katanga,
bakwai suna ƙetare, suna bugo waya.

Na jera kaya a teburin malam:
littafin rubutu mai ganye arba'in, mai sittin,
fensir dozin-dozin, alli, ambulan,
shuɗin biro,
da jan biro, wanda ba mai saye sai mai neman kuskuren wani.

Kamfani ya aiko takarda daga Kano,
wai in koya musu murmushi
da kallon mai saye ido cikin ido.
Layi biyu na karanta, na ninke.
Wa zai koya wa Tasalla ciniki,
matar da ta sayar wa mai binta bashi
littafin da zai rubuta bashin?

Sai ƙorafi ya ɓalle.
Sabi'u ya ce damina ba ta san takarda ba,
kowane sisi yana wurin taki.
Uwale ta ce ɓera ya ci mata rabin kwali,
kamfani kuwa ba ya jin uzurin ɓera.
Haladu ya ce hedimastansu ya karɓi alli tun azumi,
wai sai albashi.
Albashi ya zo sau uku, bai biyo ta gidansa ba.

Na hau allo da lissafin riba,
allinmu ya karye a hannuna.
Aka yi dariya har da tafi.

Bayan azahar aka zo kyauta.
Tabawa ce, daga Balago,
kwali sha ɗaya cikin wata uku,
a ka, a ƙafa, gida-gida.
Fitila mai caji da turmin atamfa.
Na tura mata rajista,
na buɗe tawadar dangwale kamar bara.

Ta ture ta da bayan hannu.

Ta ce: Ba mai sayen biro bai gwada ba.
Ni kuwa in an ce ina takarda,
sai in miƙa wannan, in ce rubuta sunana.

Ta zaro murfin kwali daga jaka,
ya yi laushi kamar tsohon zane.
Tabawa, Tabawa, Tabawa,
a kwance, a tsaye, a karkace,
hannun malamin asibiti, hannun mai awon riɗi,
hannun ɗan aji uku da ya danne har ya huda,
wani ma da ajami.
Ta ce da dare takan bi sawunsu da tsinke,
kamar mai bin akuyar da ta ɓata.

Ta kama biron kamar za ta tsinke zogale.
Harafin farko ya tsaya da kafaɗunsa.
Na biyu ya zauna.
Ana uku tawada ta ɗauke.

Biron kamfani ne, sabo fil.
Ba wanda ya yi tari.

Ta murza shi tsakanin tafuka,
ta hura masa numfashi,
ta ce, haka suke, sai da lallashi,
ta ƙarasa.

Ban koma kan takardar Kano ba.
Na ce wa Sabi'u ya yanka kwalayen da suka rage,
kowa ya tafi da murfi guda.

Da la'asar na share allo,
na mai da benci yadda na same su.
Zoɓon mutum bakwai yana nan a kula.
Tabawa ta tambaya
ko za ta iya sayar da shi a tasha.