Kwalin Tanimu

A shagon Tanimu, bayan gadar Kwangila,
akwai wani kwali ƙarƙashin benci
da yake kira maƙabarta.
Jiya na kai caja gyara, ya ce in ɗan jira,
sai na tsoma hannu ciki.

Fanka mai caji da ta ga bazara ɗaya tak.
Agogon da aka ce yana ƙirga bugun zuciya,
aka ɗaura wa gwanda, ita ma ya ba ta saba'in da biyu.
Tocila mai rediyo, mai madubi,
yau ko fuska ba ta nunawa.
Can ƙasa kuma, ga ta nan:
waya mai talabijin,
eriya a lanƙwashe kamar ƙafar fara.

Irinta Kawu Barau ya sayo a Sabon Gari
da kuɗin barkonon shekara.
Layi uku take ci.
In ta yi ƙara a Tudun Wada
sai ka rantse biki ake a Samaru.
Wata na huɗu batir ya kumbura,
ya ɗaure murfin da robar ɗaure kuɗi.
Yara suka raɗa mata Kasko
don zafin da take yi a aljihu.

Duk an yi haka. Ban zo wanke ta ba.

Amma ranar da wuta ta cika kwana tara ba labari,
mu goma sha ɗaya ne a zaure,
kai bisa kai, kan allon da bai kai tafin jariri ba.
Kawu bisa turmi, yana lalubo gabas da eriya,
'yan wasa kamar tururuwa cikin yayyafi.
Ba mu ga shigar ƙwallon ba.
Ihun mai sharhi muka ji, muka ɗora namu,
har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Da Inna Ladidi ta kwanta a Shika,
kunne ya yi nisa,
wayoyin manya duk raɗa suke mata.
Kasko kaɗai ta iya ɗaga murya
ta kawo mata ɗanta daga Fatakwal.
Duk ɗakin ya ji gaisuwar,
har na gadon ƙarshe ta amsa da amin.

Na ce, Tanimu, wannan fa?
Ya ce, tarkace.
Kamfanin ma ya riga ta mutuwa.
Ya ci gaba da liƙa dalma, can ya ƙara:
sai dai lasifikar, ita ba ta mutuwa.
Cirewa nake, in sa wa masu tallan magani.

Ashe ita nake ji kullum a bakin kasuwa,
tana rantsuwa kan maganin basir.

Ya miƙo caja, na biya ɗari biyar.
Sabuwar wayata, mai tsagaggen gilashi,
ta yi tsit a hannuna,
kamar ta ga kwalin.