Abin da Malam Sallau Bai Rubuta Ba

Daren Talata tsawa ta sauka a Samaru.
Da asuba waya ta tashe ni:
bene na biyu babu intanet,
ga albashin mutum ɗari maƙale a kwamfutar akanta.

Na hau da tsani da kebul a wuya.
Suwic ɗin na nan cikin kejinsa,
baki ashirin da huɗu,
fitilunsa na ƙiftawa kamar bai yi laifi ba.
Ya farfaɗo, amma ya manta da mu.
Shekara uku muna gyara masa saiti
babu wanda ya ce masa "adana".
Da wuta ta ɗauke, sai ya koma
daidai ranar da Malam Sallau ya bar shi.

Na yi sallama, ya ce: kalmar sirri.
Na ba shi tamu, ya ƙi.
Na ba shi sunan ofis da shekara, ya ƙi.
Na uku, ya ja bakinsa ya tsuke.
Fayil ɗin ajiya fa?
Yana cikin filashin da Tanimu ya wanke da wandonsa.

Sai na tari keke a Kwangila.
Kubanni ta cika, ja wur,
muka bi Tudun Wada muka shiga birni,
har lungun da ke bayan Ƙofar Kuyambana.

Yana jingine a zaure.
Ɓarin damansa ya riga shi yin ritaya ta biyu,
magana ta tsaya masa a maƙoshi.
Ladiyo, autarsa, ta kawo jakar takardu:
rasit, katin asibiti, hoton ɗaurin aure.
Babu. Shi mutum ne mai cewa
sirrin da ya taɓa takarda ya shiga kasuwa.

Na faɗa masa lambar kejin.
Ya daɗe yana kallon rufi.
Can ya kamo tafina da hagunsa,
yatsa na rawa, ya ja harafi tara,
ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa.
A na biyar Ladiyo ta juya baya.
Ta gane sunan. Ni ban tambaya ba,
kuma ba zan faɗa a nan ba;
waƙa ba wurin ajiya ba ce.

Kafin la'asar fitilu sun koma kore.
Na adana. Na sake adanawa.
Na kwafi fayil gida uku, kowanne da kwanan wata.
Sabuwar kalma tana cikin ambulan mai hatimi,
mutum biyu ke riƙe da makullin akwatin.

Tsohuwar ce ta ba ni wuya.
Ƙa'ida ta ce a goge.
Na ɗora yatsa a kan maɓalli
har ladan ya kira magariba.
Na goge.

Tafina bai daina ƙaiƙayi ba.