Mai Duba Turke a Bakin Jamuna

Kullum kafin ladanin Sirajganj ya gyara murya
nakan gangara da fitila bakin Jamuna,
inda aka kafa turken siminti
mai zanen ja da baƙi kamar ƙayar kifi.
Aikina ke nan: in tsuguna, in ga inda ruwa ya kwana,
in latsa lambar a waya, in tura Dhaka.

Can, in ji yaron da ya koya mini,
akwai na'urar da ba ta runtsawa.
Tana haɗiye lambata da ta wasu ɗari irina,
ta haɗa da ruwan da ya zuba a duwatsun Assam
da abin da tauraron ɗan'adam ya hango cikin gajimare,
ta tauna, ta tauna,
sannan ta tofo kwanaki.

Ran Talata ta tofo biyar.
Wayoyin ƙauye suka ɗauki kuka baki ɗaya
kamar 'yan tsaki sun ga shirwa.

Jobeda ta ce, "Tofazzal, rabu da ni da injinka.
Bara ma haka ya ce.
Na yanke ramata ɗanya, na sayar a wulaƙance,
ruwan ya zo ƙofar gida, ya yi sallama, ya juya.
Wa ya biya ni?"

Ban ce komai ba.
Na'ura ba ta zuwa ba da haƙuri.
Sai na nuna mata gindin mangwaro:
tururuwa na hawa a jere,
kowace da farin ƙwai a baki.
Ta daɗe tana kallo.
"To," ta ce, "waɗannan na san iyayensu."

Muka ɗura irin shinkafa a tulu,
muka liƙe bakinsa da laka.
Takardun gona cikin leda, leda cikin ƙugu.
Saniya ta ƙi taka jirgi
sai da aka rufe mata ido da gefen sari.

Na'ura ta ce Lahadi.
Kogi bai iya karatu ba,
ya zo Asabar da tsakar dare.
Ya shanye turkena har wuya,
ya kutsa ɗakin Jobeda yana lalube,
bai samu kowa ba sai tsohuwar tabarma.

A kan jinga, ƙarƙashin tamfol,
mutum arba'in da ɗaya. Na ƙirga sau biyu.
Ga kuma akuyar da ta haihu a hanya.

Jobeda ta miƙo mini shayi a gwangwani.
"Injinka ya ɓatar da kwana guda."
Na ce haka ne.
"Ka gaya masa."

Da asuba na ɗaura igiya a ƙugu,
Tofazzal ƙarami, jikana, ya riƙe ɗaya bakin.
Na shiga har ƙirji, fitila a haƙora,
na nemo zanen ƙarshe da ruwa bai ci ba,
na tura.
Yaron ya ce da haka take koyo,
da ranar da ta faɗi ba daidai ba.