Awa Biyu Saura Minti Biyar

Daga Bergamo zuwa Cluj
kilomita dubu ne da 'yan kai,
awa biyu saura minti biyar, in ji tikiti.
Na ninke shi huɗu,
na cusa a aljihun rigar sanyi, kusa da maganin hawan jini.

Mijina Traian, da ya fara zuwa ƙasar nan aikin gini,
kwana biyu ya yi a bas,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi fita.
Ni kuwa kafin barci ya gama ɗaukata
za a ce a ɗaure bel, mun iso.

Kilo goma suka yarje wa jakata.
Na auna ta a sikelin da nake ɗora Sinyora Ottavia duk Litinin.
Na cire cuku, na mayar.
Na cire takalmina, na bar 'yar tsanar Ilinca.
Tsohuwar na kallona daga keken guragu:
"Viorica, yaushe za ki dawo?"
Sau bakwai ta tambaya,
sau bakwai na ce Alhamis.

Ta taga, duwatsu sun sa farar hula,
koguna kamar zaren da ya kuɓuce wa tela.
Ƙarfe shida muka tashi,
muka sauka tara saura biyar.
Ina awa guda ta shige?
Agogonmu na gaba da nasu, an ce,
ranar komawa za a biya ni.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ba sama rance.

Tikiti bai san da sauran ba:
jiran bas a cikin sanyi,
awa uku ana hawa da gangara,
sannan tsohuwar motar Traian mai tari,
da laka har gindin ƙofa.
An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa a fiffike take,
kujera ta ashirin da uku, gefen taga.

Ilinca ta cika huɗu a watan jiya.
Na durƙusa, na buɗe hannuwa,
ta laɓe a bayan uwarta.
Can ta ruga ɗaki ta ɗauko waya,
ta nuna mini baƙin gilashin:
"Kakata a nan ciki take."

Daga bakin ƙofa zuwa inda take tsaye
taku shida ne, na ƙirga.
Babu jirgin da ke zuwa can.
Kwana uku na yi a hanya,
da 'yar tsana, da miyar kabeji, da tsifar gashi,
da yin kamar ban damu ba.
Daren Laraba ta hau cinyata da kanta,
ta shinshina wuyana, ta yi barci.
Ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Alhamis suka cika alkawari,
suka mayar mini da awata cif.
Na kashe ta a tashar bas ta Bergamo
ina kallon ruwan sama na dukan kwalta.

Na murɗa makulli, na shiga da jaka marar nauyi.
Sinyora Ottavia ta ɗago kai daga bargo:
"Burodi kika je saye? Kin daɗe."
Na rataye rigar sanyi a ƙusa.
Na ce, "Layi ne ya yi tsawo."