Rufin Asiri

Ƙarfe biyu na dare a Titin Gidan Zu,
janareta na tari a bayan shago,
ni da allo, da shayin da ya huce tun isha'i.

Alhaji Ɗanlami na kasuwar Singa ya ce
littafin bashinsa ya tsufa, a mai da shi waya.
Na ɗinka manhaja, na gina rumbun bayanai,
na share hanya a tsakaninsu.
Aiki ya yi. Saura in kwanta.

Sai na ce bari in laɓe a bakin hanyar
kamar mai mugun nufi, in ga abin da zai gani.
Ga su suna wucewa ba mayafi:
Malam Ilu, buhun shinkafa biyu, bai biya ba.
Gaje mai ƙosai, jarkar mai, tun Sha'aban.
Layi na tara, sunan kawuna,
wanda ko ranar Juma'a ya ba ni kuɗin mota
yana dariya, babbar rigarsa na ƙamshin turare.

Na daɗe ban taɓa komai ba.

Sannan na ƙera makullai biyu,
ɗaya na nunawa, ɗaya ko uwata ba za ta gani ba.
Na ba rumbu takardar shaida,
na ce wa manhaja: kada ki buɗe baki
sai kin tabbatar da wanda kike gaisarwa.

Ta je, ta dawo. Ta ce ba ta yarda ba.
Sau bakwai.
Akwai layi guda da zan rubuta,
in ce mata ki wuce kawai, kowa ma ɗan gida ne,
Alhaji ba zai taɓa sani ba.
Yatsana ya tsaya a kansa har sauro ya ƙoshi.

Ashe agogon na'ura ne ya ɓata tun ɗaukewar wuta,
yana zaune a shekarar da ta wuce.
Na gyara masa lokaci.
Suka yi musabaha, suka rage murya.

Na koma maɓoyata na leƙa:
haruffa birjik kamar tsakin kaji,
ba Ilu, ba Gaje, ba kowa.

Ladan ya kira assalatu.
Anjima zan bi ta Gwammaja in gai da kawu.
In ya miƙo kuɗin mota,
hannu biyu zan sa in karɓa.